Lamba 4,294,967,297: Yadda Zaton Fermat Ya Rushe Bayan Shekara 92

Biliyan 4 da miliyan 294 da dubu 967 da 297. A rubuce alƙaluma goma ne kacal: 4,294,967,297. Da mutum zai zauna ya ƙirga ta ɗaya bayan ɗaya, kowace daƙiƙa lamba guda, ba barci ba cin abinci, sai ya shekara 136 bai kai ƙarshe ba. Amma ba girmanta ne ya ba ta suna ba, don yau wayar da ke aljihunka tana juya lambobin da suka fi ta ba tare da ta yi zafi ba. Sunanta ya fito ne saboda ita ce ta ƙaryata Pierre de Fermat, ɗaya daga cikin manyan masana lissafin da Faransa ta taɓa haifa. Ya rayu ya mutu yana ganin babu wata lamba da za ta raba ta daidai. Ashe akwai, kuma ƙarama ce: 641.

Kafin mu shiga lamarin, sai mun daidaita kan kalma ɗaya. Idan kana da goro 12, kana iya raba wa mutum 2, ko 3, ko 4, ko 6, kowa ya sami daidai da na ɗan'uwansa ba saura. Idan goron 13 ne, hanya biyu ce kawai: ko mutum ɗaya ya kwashe duka, ko mutum 13 su ɗauki ɗai-ɗai. Lambobi irin su 13, da 2, 3, 5, 7, 11, 17, waɗanda ba mai raba su sai 1 da su kansu, a wannan rubutu zan kira su gagara-rabo. Su ne tubalan da ake gina sauran lambobi da su, domin duk wata cikakkiyar lamba da ta wuce 1, in ba gagara-rabo ba ce, to daga ninka gagara-rabo da gagara-rabo ta fito, kamar yadda 91 ta fito daga 7 sau 13. Tun zamanin Girkawan dauri an san ba su da iyaka. Abin da ya gagari masana shi ne samun wata ƙa'ida da za a riƙa juyawa tana fitar da gagara-rabo zalla, ba gauraye.

Abin da Fermat ya gani

Fermat ba malamin jami'a ba ne. Alƙali ne a babbar kotun birnin Toulouse da ke kudancin Faransa, lissafi kuwa abin da yake yi ne idan ya tashi daga aiki. Bai cika buga littafi ba. Yawancin abin da aka sani na bincikensa daga wasiƙun da yake aika wa abokansa aka same shi.

Ya fara da ninka 2 da kanta, sannan ya ƙara 1. Ga 2¹ + 1 = 3, ga 2² + 1 = 5, duk gagara-rabo. Sai 2³ + 1 = 9, wadda 3 ke rabawa. Sai 2⁴ + 1 = 17, an dawo kan hanya. 2⁵ + 1 = 33, 2⁶ + 1 = 65, 2⁷ + 1 = 129, duk suna rabuwa. 2⁸ + 1 = 257, gagara-rabo. Mai lura zai ga cewa inda aka dace shi ne 1, 2, 4, 8, wato inda ita kanta ƙaramar lambar da ke sama ta fito daga ninka 2. Wannan ba dace ba ne kawai, akwai dalili. Duk lokacin da wata lambar mara da ta wuce 1 ta raba lambar da ke saman, to sakamakon dole ya rabu. Misali 12 ita ce 4 sau 3, don haka 2⁴ + 1, wato 17, tana raba 2¹² + 1: 4,097 = 17 sau 241. Saboda haka in har ana neman gagara-rabo a wannan gida, sai a ƙofofin 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64 da masu biye musu.

Ƙofa ta biyar ta ba da 2¹⁶ + 1 = 65,537, ita ma gagara-rabo. Biyar ke nan a jere: 3, 5, 17, 257, 65,537. Yau ana kiran su lambobin Fermat, ana musu laƙabi da F0, F1, F2, F3, F4. Ta shida, F5, ita ce 2³² + 1, lambar da muke magana a kanta.

A shekarar 1640 Fermat ya rubuta wa Bernard Frénicle de Bessy, wani gwanin lissafi a birnin Paris, ya jera masa waɗannan lambobi har zuwa 2⁶⁴ + 1, mai alƙaluma 20, ya ce ya gamsu dukkansu gagara-rabo ne, su da duk masu zuwa bayansu. A nan ya kamata a yi masa adalci: a wasiƙar ya faɗa cewa ba shi da cikakkiyar hujja. Shekara 14 bayan haka, a 1654, ya sake tayar da maganar a wasiƙarsa ga wani masanin lissafin Bafaranshe, Blaise Pascal, yana nan kan bakansa cewa gaskiya ce, yana kuma amsa cewa hujjar ba ta kammala ba. Ya rasu a 1665 ba wanda ya nuna masa kuskurensa. Frénicle ma, wanda ya yi suna wajen juya manyan lambobi, bai gano ba.

Wasiƙar da ta tayar da maganar

Aka yi shekara sittin da wani abu zancen na kwance. A watan Disamban 1729 Christian Goldbach, wani masanin lissafi wanda a lokacin yake Mosko, ya rubuta wa wani saurayi ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Leonhard Euler, ɗan shekara 22, da ke aiki a cibiyar kimiyya ta birnin St. Petersburg. A ƙarshen wasiƙar ya tambaye shi ko ya san maganar Fermat cewa duk waɗannan lambobi gagara-rabo ne, ya ƙara da cewa shi Fermat bai tabbatar ba, kuma a saninsa ba wanda ya tabbatar. Da farko Euler bai ɗauki abin da zafi ba. Goldbach bai bari ba, ya sake tuna masa, har Euler ya koma karanta ayyukan Fermat. Daga wannan karatu ne sha'awarsa ga ilimin lambobi ta kama, kuma ba ta sake shi ba har ƙarshen ransa.

Shi Goldbach ma ya tsinci wani abu mai kyau a kan hanya, a 1730. Ka ninka lambobin Fermat na farko ka ƙara 2, sai ta gaba ta fito: 3 + 2 = 5; 3 sau 5 + 2 = 17; 3 sau 5 sau 17 + 2 = 257. Haka kuma 3 sau 5 sau 17 sau 257 sau 65,537 sun ba da 4,294,967,295, a ƙara 2 ga lambarmu ta fito. Ma'anar wannan ita ce ba wasu lambobin Fermat biyu da suka yi tarayya a mai raba su, domin duk wanda ya raba ta baya ya kuma raba ta gaba dole ya raba 2, su kuwa duk lambobin mara ne. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa gagara-rabo ba su da iyaka, tunda kowace lambar Fermat tana zuwa da nata sababbi.

A 1732, yana ɗan shekara 25, Euler ya sanar cewa 4,294,967,297 = 641 sau 6,700,417. Kowa na iya gwadawa da fensir: 6,700,417 sau 600 ya ba da 4,020,250,200, sau 40 ya ba da 268,016,680, a tara su, a ƙara 6,700,417 guda, jimilla ta fito cif. Tabbatar da amsar aikin minti biyu ne. Nemo ta ne aikin.

Yadda aka san inda za a duba

Wanda zai bi hanyar ƙarfi, ya riƙa raba lambar da kowace gagara-rabo bi da bi, sai ya shirya gwada duk waɗanda ke ƙasa da 65,536 kafin ya iya rantsewa cewa ba ta rabuwa. Su 6,542 ne, kowace kuma doguwar rabawa ce ta lamba mai alƙaluma goma, da alƙalami da tawada. Gaskiya ne cewa 641 ita ce ta 116 a jerin, don haka mai haƙuri zai ci karo da ita da wuri. Amma wanda ya riga ya gamsu cewa ba abin da zai samu, da wuya ya fara tafiyar da yake ganin zangonta dubu shida ne.

Euler bai bi wannan hanya ba. A takardarsa ta farko bai faɗi yadda ya yi ba, sai daga baya ya fito da ƙa'idar. A nan zan ɗan daɗe, domin a ganina nan ne zuciyar lamarin take.

Ɗauki wata gagara-rabo, a ce 7. Ka fara da 2 ka riƙa ninkawa biyu, amma duk lokacin da ka kai 7 ko ka wuce, ka raba da 7 ka riƙe saura kawai. Za ka sami 2, 4, sai 8 wadda saurarta 1. Daga 1 kuma sai a koma 2, 4, 1, haka har abada. Zagaye ne mai taki 3. Gwada da 31: 2, 4, 8, 16, sai 32 wadda saurarta 1, taki 5. Gwada da 17: 2, 4, 8, 16, 15, 13, 9, 1, taki 8. Yanzu duba: 3 tana raba 6, wato 7 ba ɗaya. 5 tana raba 30, wato 31 ba ɗaya. 8 tana raba 16, wato 17 ba ɗaya. Kullum haka ne: tsawon zagayen yana raba gagara-rabon idan an ɗebe mata 1. Wannan ita ake kira ƙaramar ƙa'idar Fermat, kuma shi da kansa ya rubuta wa Frénicle ita a watan Oktoban 1640, shekarar da ya yi wancan zato.

To, a ce wata gagara-rabo tana raba 2³² + 1. Ma'ana, a taki na 32 na zagayenta, saura ɗaya tak a cika. Irin wannan saura, idan ka ninka shi da kansa, 1 yake bayarwa. Duba zagayen 17, inda taki na 4 ya ba da 16, na 8 ya ba da 1. Saboda haka a taki na 64 an dawo kan 1. Ke nan tsawon zagayen yana raba 64. Masu raba 64 su ne 1, 2, 4, 8, 16, 32 da 64. Da tsawon ɗaya ne daga cikin shidan farko, da a taki na 32 an riga an tsaya kan 1, mu kuwa mun san ba a kan 1 aka tsaya ba. Bai rage ba sai 64. Ƙa'idar Fermat kuma ta ce dole 64 ta raba gagara-rabon idan an ɗebe mata 1.

Shi ke nan an taƙaita nema. Duk mai raba lambarmu dole ya kasance 64 sau wani abu, a ƙara 1: 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641, da sauransu. A cikin goman nan, 65, 129, 321, 385 da 513 su kansu suna rabuwa, sai a ajiye su. Saura biyar: 193, 257, 449, 577, 641.

Ba ma sai an yi doguwar rabawa ba. Tunda 2⁸ = 256, a ninka ta da kanta a sami 2¹⁶, a sake ninkawa a sami 2³², ana riƙe saura a kowane mataki. Da 193: 256 ta bar saura 63; 63 sau 63 = 3,969, saura 109; 109 sau 109 = 11,881, saura 108; a ƙara 1 ya zama 109, ba ta raba ba. Da 257 saura 2 ake samu, da 449 saura 325, da 577 saura 288. Da 641: 256 sau 256 = 65,536, a raba da 641 saura 154. Sai 154 sau 154 = 23,716. Shi kuwa 641 sau 37 = 23,717. Ɗaya tak ya rage a cika, ga kuma ɗayan nan da Fermat ya ƙara da hannunsa. Na sha yin wannan lissafi, kuma har yau idan na zo kan 23,716 da 23,717 sai na ɗan tsaya na dube su. Zaton shekara 92 ya ƙare a layi uku na ninkawa da yaron aji shida na firamare zai iya.

A 1878 wani Bafaranshe, Édouard Lucas, ya ƙara matse ƙa'idar: mai raba F5 ba 64 kaɗai ba, dole ya zama 128 sau wani abu a ƙara 1. Da wannan, jerin ya koma 129, 257, 385, 513, 641. Uku suna rabuwa, 257 kuma 'yar gida ce da hujjar Goldbach ta riga ta fitar. Ke nan 641 ce ta farko da za a gwada. Abokiyarta ma ta bi ƙa'idar: 6,700,417 = 128 sau 52,347, a ƙara 1, kuma ita ma gagara-rabo ce.

Akwai kuma wata gajeruwar hujja da masu koyarwa ke so. Lamba 641 tana da fuska biyu: ita ce 5 sau 128 a ƙara 1, ita ce kuma 625 + 16, wato 5⁴ + 2⁴. Fuska ta farko ta ce 5 sau 2⁷ ya gaza 641 da ɗaya, don haka idan aka ninka shi da kansa har sau huɗu, 5⁴ sau 2²⁸ zai bar saura 1. Fuska ta biyu ta ce 641 tana raba 5⁴ + 2⁴, don haka tana raba 5⁴ sau 2²⁸ + 2³². A ɗebe na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne 641 tana raba 2³² + 1. Hujja ce mai tsabta, amma sai wanda ya riga ya san 641 zai iya kawo ta. Ba ta nuna hanyar gano lambar.

Me ya hana Fermat gani?

Wannan tambaya ta fi damuna fiye da komai a labarin, domin ba a ce kayan aiki ya rasa ba. Ƙa'idar da Euler ya yi amfani da ita ta Fermat ce. Har ma ya taɓa yin irin wannan aiki a kan lambar da ta fi wannan girma. A cikin 1640 ɗin dai ya duba 2³⁷ − 1, wato 137,438,953,471, ya gane cewa mai raba ta dole ya zama 74 sau wani abu a ƙara 1, ya gwada 149 bai dace ba, ya gwada 223 ta raba. Lamba mai alƙaluma 12 ke nan ya fasa da dabarar da ta isa ta fasa mai alƙaluma goma.

Masana tarihin lissafi sun kawo bayani iri biyu. André Weil, babban masanin lissafi na ƙarni na 20 wanda ya yi nazarin ayyukan Fermat sosai, ya yi hasashen cewa Fermat ya gwada 641 ɗin, ya yi kuskure a lissafin hannu, bai kuma sake komawa kai ba. Wasu kuma suna ganin ƙa'idarsa ce ta yaudare shi. Ƙa'idar ta ce idan lamba gagara-rabo ce, to 2 da aka ninka da kanta sau adadin lambar ba ɗaya, idan aka raba ta da lambar, za ta bar saura 1. Lambarmu ta ci wannan jarrabawa, ko da yake tana rabuwa. Dalili a fili yake: zagayenta na ninka 2 taki 64 ne, 64 kuma tana raba 4,294,967,296, don haka dole a sauka kan 1. Duk lambobin Fermat haka suke, masu rabuwa da marasa rabuwa. Idan da 2 aka auna su, kamanninsu ɗaya. Amma ƙa'idar hanya ɗaya take bi. Kowace gagara-rabo tana cin jarrabawar, ba kuma duk mai cin jarrabawar ce gagara-rabo ba. Ƙaramin misali shi ne 341, wadda ta ci, alhali 11 sau 31 ce.

Da ya canza ma'auni ya ɗauki 3 a maimakon 2, da asiri ya tonu. A fara da 3, a ninka ta da kanta, a ninka sakamakon da kansa, haka har sau 32, ana raba wa da 4,294,967,297 ana riƙe saura. Da gagara-rabo ce, da 1 za a ƙare. Abin da ke fitowa shi ne 3,029,026,160. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa lambar tana rabuwa, ko da ba a san mai raba ta ba. Aiki ne mai nauyi da hannu, amma ba ya fi ƙarfin mutum irin Fermat ba.

Ni dai na fi karkata ga cewa misalai biyar ɗin nan ne suka yi masa nauyi a zuciya. Sun zo a jere, ba tangarɗa, ga kuma dalili mai kyau da ya nuna cewa sauran ƙofofin a rufe suke. Idan mutum ya ga haka, sai binciken ya koma neman hujjar abin da ya riga ya yarda da shi, ya daina neman abin da zai ƙaryata shi. Hausawa na cewa gwanin ruwa shi ruwa kan ci. Ban kawo wannan don rage masa daraja ba. Mutumin da ya yi shekara 14 yana cewa ya gamsu amma bai tabbatar ba, ya san bambancin zato da hujja, kuma wannan gaskiyar tasa ce ta bar ƙofa a buɗe har Goldbach ya ga akwai abin tambaya.

Sauran halayenta

Masu raba lambar huɗu ne kawai: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta. Tana ƙarewa da 7, kamar yadda kowace lambar Fermat daga 17 zuwa sama take ƙarewa. A rubutun kwamfuta, wanda ba ya amfani da komai sai sifili da ɗaya, siffarta ɗaya ne, sai sifili 31, sai ɗaya. Maƙwabciyarta ta ƙasa, 4,294,967,296, ita ce adadin lambobin da gurbi 32 na kwamfuta ke iya ɗauka, ita ce kuma yawan adireshin da tsohon tsarin intanet na IPv4 ya tanada, wanda babbar ma'ajiyarsa ta ƙare a watan Fabrairun 2011.

Wata halayya ta fi waɗannan daɗi. Lambar ita ce 65,536 sau kanta, a ƙara 1 sau kanta. Wato jimillar murabba'i biyu ce. Amma tana da wata hanyar ta biyu: 62,264 sau kanta ya ba da 3,876,805,696, 20,449 sau kanta ya ba da 418,161,601, jimillarsu kuma 4,294,967,297. Gagara-rabo ba ta taɓa zama jimillar murabba'i biyu ta hanya biyu daban. Wannan ma shaida ce a kanta, kuma fannin jimillar murabba'i fanni ne da Fermat ya yi fice a cikinsa.

Abin da ya biyo baya

Rushewar zaton bai kashe lambobin Fermat ba. A ranar 30 ga Maris 1796 wani saurayi Bajamushe, Carl Friedrich Gauss, saura wata ɗaya ya cika shekara 19, ya gano cewa ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da rula da kamfas kawai, abin da ba wanda ya sani tun zamanin Girkawa. A 1801 ya nuna cewa sirrin yana cikin lambobin Fermat: siffa mai gefe 3, 5, 17, 257 ko 65,537 tana zanuwa, haka ma wadda adadin gefenta ya fito daga ninka waɗannan da juna ba maimaici, ko ninka adadin sau 2, 4, 8 da sauransu, da kuma mai gefe 4, 8, 16 da masu biye musu. A 1837 Pierre Wantzel ya kammala ɗaya ɓangaren, cewa in ba waɗannan ba, ba ta zanuwa. Shi ya sa mai gefe 7 ko 9 ba ta yiwuwa. Wani malami Bajamushe, Johann Gustav Hermes, ya kwashe kimanin shekara goma yana tsara yadda za a zana mai gefe 65,537, ya kammala a 1894, takardunsa suna ajiye a jami'ar Göttingen. A nan 641 ta yi hukunci na zahiri: siffa mai gefe 4,294,967,295 tana zanuwa a ƙa'ida, ita ce ma mafi girma da aka sani cikin masu adadin mara, amma mai gefe 4,294,967,297 ba ta zanuwa. Ita kuwa 65,537 ta sami wani aikin a zamaninmu: ita aka fi amfani da ita a makullan sirri na tsarin RSA da ke tsare saƙonni da hada-hadar kuɗi a intanet.

Masu neman gagara-rabo ta shida a gidan sun ci gaba. F6, mai alƙaluma 20 da Fermat ya rubuta wa Frénicle, ita ma ta rabu: 274,177 sau 67,280,421,310,721, kamar yadda Fortuné Landry ya sanar a 1880, yana da shekara sama da 80. A 1877 wani limamin coci Bafaranshe, Théophile Pépin, ya kawo gwajin da ke yanke hukunci kan kowace lambar Fermat ba tare da an nemo mai raba ta ba, dangin wancan ninkawa da muka yi da 3. F7, mai alƙaluma 39, sai a 1970 Michael Morrison da John Brillhart suka fasa ta da kwamfuta. F8 ta faɗi a 1980 a hannun Richard Brent da John Pollard. F9, mai alƙaluma 155, sai da aka haɗa ɗaruruwan kwamfutoci a 1990. An gama da F11 a 1988, da F10 a 1995. F12, mai alƙaluma 1,234, an san wasu daga cikin masu raba ta, amma ba a kammala fasa ta ba. F20 da F24 kuwa an tabbatar suna rabuwa, a 1987 da 1999, ba tare da an ga ko ɗaya daga cikin masu raba su ba.

Daga F5 har zuwa F32, kowace ɗaya an tabbatar tana rabuwa, ashirin da takwas a jere. Masana da yawa yanzu sun koma zaton kishiyar abin da Fermat ya zata, cewa biyar ɗin nan na farko su ke nan, ba wata. Wannan ma zato ne. Ba wanda ya kawo hujjarsa. Ta farko da ba a yanke wa hukunci ba ita ce F33, wadda alƙalumanta sun haura biliyan biyu da rabi, kuma gwajin Pépin a kanta yana buƙatar a ninka lamba mai wannan tsawo da kanta sama da sau biliyan takwas.